"A Mayar da Shi Gida": Jinyar Ƙarshen Rayuwa Tsakanin Kaduna da Ƙasashen da Suka Halasta Kisan Jinƙai

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗaya daga cikin manyan asibitocin Kaduna, ko ya yi jigilar kwanon abinci zuwa asibitin koyarwa na Shika, ya san wata magana da likita kan faɗa bayan ya ja babban ɗa ko ƙanin majinyaci gefe: "Alhaji, mun yi iya ƙoƙarinmu, gara ku mayar da shi gida a ci gaba da addu'a." Ba a ambaci mutuwa ba, amma kowa ya gane inda maganar ta dosa. Daga nan sai a koma wurin majinyacin da fara'a a ce masa an ba da sallama, a naɗe tabarma, a tattara kwanuka da buta, a nemi mota zuwa Rigasa ko Kawo ko Sabon Tasha. Abin da ke biyo baya yana iya zama kwana uku, yana iya zama wata shida, kuma a tsarin kiwon lafiyarmu wannan zangon ba shi da mai kula da shi, tun da asibiti ya ɗauke hannunsa, 'yan uwa kuwa ba su da abin bayarwa sai tofi da ruwan zamzam da maganin ciwon jiki na kemis.

A kan wannan zangon ne ƙasashen Turai da Amurka suka shafe fiye da shekara hamsin suna muhawara a kotuna da majalisu. Labarin da ya fi iso mana daga muhawarar shi ne cewa Turawa sun halasta wa likita ya kashe marar lafiya, mu kuma mu yi a'uziyya mu wuce. Ina cikin waɗanda suke ganin haramta hakan daidai ne, sai dai tsayawa a kan haramcin kaɗai ya sa mun cakuɗa abubuwa uku da suka sha bamban, kuma majinyatanmu ne suke ɗanɗana kuɗar wannan cakuɗawar.

Na farko shi ne likita ya yi wa mutum allura da nufin raba shi da ransa bisa roƙonsa, ko ya rubuta masa maganin da zai sha da hannunsa ya mutu. Wannan ne ake kira kisan jinƙai. Na biyu shi ne a daina wani magani, ko a cire na'urar taimaka wa numfashi, bayan masana sun tabbatar cewa babu abin da take ƙarawa sai tsawon wahala, a bar cutar ta yi abin da za ta yi. Na ukun kuwa, wanda ya fi su muhimmanci a wurinmu, shi ne jinyar sassauci, wato a ci gaba da kula da wanda ba zai warke ba ta hanyar kashe masa zafin ciwo, da sauƙaƙa masa numfashi, da hana jikinsa yin gyambon kwanciya, da sauraron abin da ke ransa.

Holan ce ta fara halasta na farkon a dokar ƙasa, wadda ta fara aiki a watan Afrilu na 2002, Beljiyam ta biyo baya a shekarar, Kanada a 2016, Sifaniya a 2021. Dokar Holan ta gindaya sharuɗɗa: majinyacin ya roƙa da kansa cikin hayyacinsa ba tare da matsin kowa ba, wahalarsa ta kai inda ba zai iya jurewa ba kuma babu alamar sauƙi, a nemi wani likita na daban ya duba shi, sa'annan bayan mutuwar a miƙa rahoto ga kwamitin da zai tantance ko an bi ƙa'ida. A jihar Oregon ta Amurka, inda doka ta fara aiki a 1997, likita ba ya yin allurar. Yana rubuta maganin ne ga baligin da aka ƙiyasta bai fi wata shida ya rage masa ba, shi kuma ya sha da kansa idan ya ga dama. Suwizalan kuwa tun 1942 dokarta ba ta hukunta wanda ya taimaki wani ya kashe kansa muddin ba don son zuciya ya yi ba, abin da ya ba ƙungiyar Dignitas, da aka kafa a 1998, damar karɓar baƙi daga wasu ƙasashe.

Bai kamata a ɗauka cewa masu goyon bayan waɗannan dokokin marasa imani ne ko marasa tausayi ba. Da yawansu likitoci ne da 'ya'ya da suka ga yadda sankarar ƙashi ko cutar shanyewar jijiyoyi take gallaza wa mutum, kuma hujjarsu ita ce ran mutum nasa ne, don haka shi ke da ikon cewa ya isa haka. Nan ne ainihin saɓaninmu da su, domin a wurin Musulmin Tudun Wada da Kiristan Kakuri rai amana ne, mai shi daban, mai riƙonsa daban. Akwai kuma wani abu da rahotannin shekara-shekara na Oregon suke nunawa wanda ya cancanci a tsaya a kansa: zafin ciwo ba shi ne kan gaba ba a cikin dalilan da masu neman mutuwa suke bayarwa. Abin da suka fi ambata shi ne rasa ikon tafiyar da rayuwarsu, da kasa yin abubuwan da suke jin daɗinsu, da zubewar mutunci, sa'annan wani kaso mai yawa yana ambatar tsoron zama nauyi a kan iyali. Mutumin da ya tashi a al'ummar da ake auna darajar mutum da tsayuwarsa da ƙafarsa zai ga ranar da wani ya kai shi bayi a matsayin ranar da ya ƙare. Dattijon Bahaushe ma yana jin kunyar hakan, amma ya tashi da sanin cewa jinyarsa haƙƙi ne a wuyan 'ya'yansa, kuma su ma aljannarsu suke nema da ita.

Abin da ya fi tayar wa masu adawa da dokokin hankali shi ne yadda ƙofar take ƙara faɗi bayan an buɗe ta. Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014, har yara suka shiga ƙarƙashin wasu sharuɗɗa. Kanada ta soke sharaɗin kusantowar mutuwa a 2021, sai naƙasassu da masu cuta mai daɗewa suka cancanta, an kuma ɗage shigar da masu taɓin hankali zalla zuwa 2027 bayan an yi ta ce-ce-ku-ce. A 2023 mutum fiye da 9,000 ne suka mutu ta wannan hanyar a Holan, fiye da 15,000 a Kanada, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace ashirin a kowace daga cikin ƙasashen biyu. Ƙungiyoyin naƙasassu a can suna tambayar da ta fi dacewa da mu fiye da su: idan samun allurar mutuwa ya fi samun gidan zama ko mai jinya sauƙi, shin zaɓi ne ko tilas? Jamus ma ba ta manta ba cewa gwamnatin Hitila ta yi amfani da kalmar jinƙai wajen hallaka naƙasassu da masu taɓin hankali kimanin 70,000 tsakanin 1939 da 1941, ko da yake adalci ne a ce wancan kisan gilla ne ba da yardar kowa ba. A ƙasa irin tamu, inda fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun iyali yake fitowa, kuma rikicin gado yake raba 'yan uwa ciki ɗaya, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane wanda irin wannan dokar za ta fara ci.

Hukuncin Musulunci a kan abu na farko bai bar wurin shakka ba. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta ce kada ku kashe kawunanku, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya ji rauni ya kasa haƙuri, ya yanke hannunsa jini ya zuba har ya mutu, aka haramta masa aljanna. Ko fatan mutuwa saboda wata cuta an hana, sai dai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da abin da mutum zai ce idan ya matsu: ya roƙi Allah Ya raya shi muddin rayuwa ce ta fi masa alheri, Ya karɓi ransa idan mutuwa ce ta fi. Wannan addu'ar kanta shaida ce cewa addini ya san akwai halin da mai rai zai ga mutuwa ta fi masa, kuma bai tsine wa wanda ya shiga halin ba. Ya dai hana shi ɗaukar hukuncin da hannunsa.

A kan abu na biyu kuwa maganar malamai ta fi abin da jama'a suka zata sassauci. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki baki ɗaya, ƙwararru kuma suka tabbatar babu dawowa, ya halasta a cire na'urorin. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 1987 ta yarda da cirewar bisa shaidar likitoci uku ƙwararru, sai dai ta ce ba za a yanke hukuncin mutuwa ba, da abin da ke biyo ta na takaba da gado, sai zuciya da numfashi sun tsaya. Tun kafin zuwan na'urori ma, yawancin malaman fiƙihu ba su ɗauki neman magani wajibi ba idan babu rinjayen zaton zai yi amfani. Ke nan ɗan da ya amince a daina wankin ƙodar da ya zame wa tsohuwarsa azaba, bayan likitoci sun ce ba ya ƙara mata komai, bai kashe ta ba, kuma bai kamata ya ƙare rayuwarsa yana zargin kansa ba.

Cocin Katolika, wanda yake da mabiya da asibitoci da yawa a jihar nan, ya tsaya kusan a wuri ɗaya. Fafaroma Pius na 12 ya bayyana a 1957 cewa ba dole ba ne a yi amfani da hanyoyin da suka wuce ƙima wajen tsawaita rai, takardar da Fadar Batikan ta fitar a 1980 ta haramta kisan jinƙai amma ta halasta ƙin maganin da wahalarsa ta fi amfaninsa, shi kuma Fafaroma John Paul na 2 a kwanakinsa na ƙarshe a 2005 ya zauna a ɗakinsa bai koma asibiti ba. A watan Oktoba na 2019 wakilan Musulmi da Kirista da Yahudawa suka sa hannu a wata sanarwa ta haɗin gwiwa da ta ƙi kisan jinƙai, ta kuma yi kira da a yaɗa jinyar sassauci. Garin da ya sha wahalar rabuwar addini kamar Kaduna ba kasafai yake samun batun da limami da fasto za su faɗi abu ɗaya a kansa ba, ga shi kuwa wannan yana nan ba a taɓa shi ba.

Dokar ƙasa ma haka take. Kundin hukunta laifuka na Arewa da na Kudu duka sun ɗauki taimaka wa mutum ya kashe kansa babban laifi. Amma a 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar wani likita mai suna Okonkwo wanda majinyaciyarsa 'yar ɗarikar Shaidun Jehoba ta ƙi ƙarin jini har ta rasu, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da 'yancin ƙin magani.

Tambayar da ta fi raba al'adu, a ganina, ita ce wane ne yake yanke shawara. Tsarin Turawa ya ɗora komai a kan majinyacin: a faɗa masa sunan cutarsa da abin da ake tsammani, ya rubuta tun yana da lafiya abin da yake so a yi masa idan ya shiga doguwar suma. A Japan kuwa har zuwa shekarun 1990 al'adar likitoci ita ce a sanar da iyali a ɓoye wa mai sankara. Indiya ta bi tsakiya bayan shari'ar Aruna Shanbaug, ma'aikaciyar jinyar da ta yi shekara 42 kwance ba ta san inda take ba tun daga 1973; kotun ƙolin ƙasar ta halasta cire na'urori a 2011, ta amince da rubutacciyar wasiyyar jinya a 2018, amma ba ta halasta allurar kisa ba. Mu mun fi kama da Japan ta da. Idan aka tambayi mai jiki, amsar ɗaya ce, "da sauƙi," ko da ana shirin laƙƙana masa kalmar shahada, kuma wanda ya kuskura ya faɗi gaskiya a gabansa sai a ce yana yi masa fatan mutuwa.

Wannan kawaicin yana da kyawunsa, domin likita ba ya riƙe da ajalin kowa, kuma an sha ganin wanda aka fid da rai da shi ya tashi ya halarci jana'izar masu jinyarsa. Amma yana da farashin da ba mu cika lissafawa ba. Addinin da ya kwaɗaitar da kada Musulmi ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba idan yana da abin da zai yi wasiyya a kansa, ta yaya mabiyansa za su hana mutum sanin cewa lokacin biyan bashi da neman yafiya ya yi? Magidanta nawa ne suka tafi ba su faɗi inda takardun gida suke ba, ko wanda ya ba su ajiya, ko wanda suke bi, saboda an yi ta ce musu gobe za su miƙe? Yawanci ma majinyacin ya sani, tun da jiki magayi ne, sai ya yi shiru don kada ya karya wa iyalinsa zuciya, su ma su yi shiru don kada su karya tasa, kowa ya kwana da abin shi kaɗai. Ba ina nufin a kwaikwayi likitan da zai ce saura wata uku ba, wannan bai dace da mu ba. Akwai hanyar Hausa ta faɗa: a samu amini ko malamin da yake jin nauyinsa ya ce masa, "Malam, ciwon nan mai nauyi ne, waraka ta Allah ce, amma idan akwai abin da kake so ka faɗa ko wanda kake so ka gani, yanzu ne lokacinsa."

Sai batun zafin ciwo, inda gazawarmu ta fi fitowa fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne suke buƙatar jinyar sassauci a kowace shekara, kuma kimanin kashi 14 cikin ɗari ne kawai suke samu. Maganin da ya fi aiki a kan zafin sankarar da ta yi nisa shi ne mofin, tsohon magani ne mai araha, amma rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko da kashi ɗaya cikin ɗari na irin waɗannan magungunan da ake rarrabawa. A Arewa akwai ƙarin dalili: mun ga ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasa da matan aure, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, sai tsoron ya shafi duk wani magani na danginsu. Likita yana ɗari-ɗarin rubutawa, mai harhaɗa magunguna yana gudun ajiyewa saboda tsananin bincike, iyali kuma suna jin cewa allurar ce za ta ƙarasa shi. Alhali binciken likitoci ya nuna cewa mofin da aka auna daidai, ana ƙarawa sannu a hankali gwargwadon zafin, ba ya gajarta rai. Mace mai sankarar mama da take ihu cikin dare a wani ɗaki a Unguwar Sanusi, 'ya'yanta suna toshe kunne, cewa da ita "Allah Ya sa kaffara ne" addu'a ce mai kyau, amma ba ta ɗauke wa masu iya rage mata zafin alhakin rage shi ba.

Hujjar rashin kuɗi ba ta da ƙarfi a nan. Jinyar sassauci ta zamani ta faro ne daga gidan St Christopher's da Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967, amma misalin da ya fi kusa da mu na Yuganda ne. A 1993 Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta fara aikin a Kampala da garin mofin da ake damawa da ruwa a zuba a gora, a sa masa launi don a bambance mai ƙarfi da marar ƙarfi, majinyaci ya riƙa sha a gidansa. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi, saboda likitoci ba sa isa ƙauyuka. A jihar Kerala ta Indiya kuwa 'yan sa-kai na unguwa ne suke zagaya gidajen majinyata tare da ma'aikaciyar jinya. A Najeriya an fara, musamman a asibitin koyarwa na Ibadan inda Farfesa Olaitan Soyannwo ta yi jagoranci, sai dai aikin bai sauka unguwanni ba.

Abin da Kerala ta sha wahala ta gina, mu mun gaje shi: dubiya, da zumunci, da kwamitocin masallaci, da zumuntar mata a coci, da 'yan agaji masu kaki da ake gani a kowace jana'iza. Muna da tsari mai ƙarfi na wanka da likkafani da haƙa kabari, ta yadda wanda ya rasu da asuba yana makwancinsa kafin azahar, amma makonnin da suka gabaci wannan asubar an bar su a wuyan mutum ɗaya ko biyu, kuma kusan kullum mata ne. Matar ce ko babbar 'yar take juya shi, ta wanke shi, ta kwana a zaune, ta bar sana'arta ko makarantarta, alhali a ranar da likita ya ja wani gefe ba ita aka ja ba, kuma ba a koya mata yadda za ta juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya kwaile ba. Ita ce ta san sa'ar da ciwon yake tashi da irin kukan da yake nufin zafi da wanda yake nufin tsoro, ita ce kuma ya kamata a sallama da takardar magani da awonsa da lambar wanda za ta kira idan dare ya tsala numfashi ya sauya.